Ta yaya zan gane bayanin kayan aikin da na rubuta wa wakilin IA (manhajar basirar na'ura mai yin aiki da kanta) ya yi kyau?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum yan uwa. Ina haɗa ɗan wakilin IA da zai riƙa faɗa wa mutane kuɗin hatsi a kasuwar Dole ta Damagaram, ta hanyar WhatsApp, na ba shi kayan aiki biyu (ƙananan manhajojin da yake kira) ta MCP, wato tsarin da ake haɗa IA da kayan aiki, ɗaya na duba farashin yau ɗaya na watan jiya, amma wlh sai ya riƙa kiran wanda bai dace ba. Ta ina zan fara?

Yar Zango:
Wa alaikumussalam. Ai shi ba ya ganin kod ɗinka, sunan kayan aikin da bayaninsa da tsarin JSON (jerin abubuwan da ake cika masa) kawai yake karantawa ya zaɓa. Kwafi bayanin ka tura wa ƙanenka da bai san aikin ba, ka ce ya faɗa maka yaushe ake kiran wanne. In ya ruɗe, to injin ma zai ruɗe.

Malamin lisafi:
Gaskiyarki hajiya. Kuma ka rubuta awo ƙarara, tiya ce ko buhu, sefa ko naira, don mu nan in mutum ya ce dala ashirin sefa 100 yake nufi, ni wannan ya taɓa ɓata min lissafi sati guda ina neman inda kuskuren yake. Ka tara tambayoyi kamar 30 irin yadda mutane ke yi da baki, ka gwada, ka ƙirga sau nawa ya kira daidai, ka gyara jimla ɗaya ka sake.

Ɗan Birni:
Na duba, duka biyun "yana kawo farashi" na rubuta. Bari in raba su daren nan, na gode malam.