Baƙin yashi daga Bukuru: yaya ake raba kolombait da ilmanait?

Assalamu alaikum, masana duwatsu da masu aikin kuza. Ina da rabin kilo na baƙin yashin da ya kwanta a ƙasan ƙwarya bayan wanki, daga wani rafi kusa da Bukuru. Maganaɗisun hannu ya ɗebe magnetait, wato ma'adinin ƙarfe, wannan ba matsala. Kuza ma na gane ta: idan aka ɗora ƙwayar a kan tutiya aka ɗiga asid na haidurokulorik mai rauni, sai ta yi lulluɓi mai launin toka, zanen da take bari idan aka goga ta a bayan tayil kuma fari-fari ne.

Ragowar ce ta tsayar da ni. Ƙwayoyin baƙaƙe ne masu ƙyalli, maganaɗisu mai ƙarfi yana jan su kaɗan. Ma'adinan kolombait da ilmanait duk haka suke, taurinsu ma kusan ɗaya, wajen 6 a ma'aunin tauri na Mohs. Nauyi ne ya kamata ya raba gardama, ilmanait ya ninka ruwa sau 4.7, kolombait daga 5.2 zuwa sama, amma ƙwayoyin ba su kai girman gero ba, sikelin da nake da shi kuma ba ya auna ƙasa da giram 0.1. Zanen wasu ja-ja ne mai duhu, na wasu baƙi, tsakaninsu akwai waɗanda ido ba ya yankewa.

Tunda giranit ɗin Jos yana ɗauke da kolombait, ba na son in zubar da shi cikin shara. Nisan inci nawa ake riƙe maganaɗisu ya ɗauki ilmanait kaɗai? Siffar ƙwayar a ƙarƙashin gilashin ƙara girma tana taimakawa? Na gode.