Gidanmu da ruwa ya ci, kwamfuta ta ce tudu ne

Ɗan Kigo: Salamu alaikum jama'a. Tun daminar da Kogin Kaduna ya shigo mana har uwar ɗaki nake son zana taswirar layinmu, in ga ta ina ruwan ke biyowa. Na sauke QGIS, manhajar zana taswira, na ɗauko bayanan tudu da kwari na SRTM, na kwana biyu ina fama. Da ta fito sai dariya ta kama ni: gidan da muka riƙa ɗora katifu bisa kai, shi ne aka nuna a kan tudu. Akwai wanda ya taɓa cin karo da haka?

Malamin Jogurafi: Wa alaikumus salam. Ni ma haka ta faru da ni a Tudun Wada. Ƙanena, akwai itatuwa a gidan ku? SRTM da rada aka auna shi daga kumbon Endeavour a Fabrairun 2000, kuma kowane ɗigo nasa mita 30 ne tsawo da faɗi, wato fuloti biyu na hamsin da ɗari an dunƙule su a lamba ɗaya. Rada kuwa abin da ta fara tararwa take lissafawa, ko kwanon rufi ne ko kan mangwaro. Ga shi gine-ginen da aka yi bayan 2000 duk ba ta san da su ba. Maganin wannan shi ne LiDAR, inda jirgi ke feso hasken leza ƙasa, wani ya ratsa tsakanin ganye ya taɓa turɓaya, sai a tace itatuwa da gidaje a bar ƙasa tsirara. A Ingila irin na mita 1 kyauta ake saukewa. Na taɓa buɗe nasu don koyo, har kunyoyin tsofaffin gonaki ana gani. Na Kaduna na nema har na gaji.

Ɗan Kigo: Mangwaro uku da darbejiya, Malam. Ashe su suka ɗaga mu sama!

Yar Malali: Leza fa akwai, sai dai tsinta-tsinta ce. ICESat-2 da GEDI, masu auna ƙasa da leza daga sararin samaniya, duka a 2018 aka harba su, kuma bayanansu kyauta ne. GEDI na kan tashar sararin samaniya, kowane haske nasa yana sauka a da'ira mai faɗin mita 25, da tazarar mita 60 tsakanin wannan da na gaba. Ba taswira suke ba ka ba, ɗige-ɗige ne a jere kamar shukar masara. Layi ɗaya ya ratsa gonar babanmu a hanyar Kujama, na gwada shi da SRTM. A fili sun kusa daidaita, a bakin rafi inda itatuwa suka yi duhu kuwa kowa ya kama gabansa.

Baban Yara Barnawa: Ni hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 nake bi, masu ɗigon mita 10. Ɗiyata, ke da kika iya haƙuri da ɗige-ɗige, gwada neman hoton Agusta ki gani. Gajimare ne fari fat, daidai lokacin da kake son ganin ruwan. Janairu kuma hazo. Nuwamba ce ta fi min, da kuma Maris in ina son duwatsun tsakiyar kogi.

Mai Mashin Rigasa: Bari in ba ku nawa. Na sa kwamfuta ta lissafa hanyar ruwa, sai ta tara min tafki guda a gefen layin dogo. Na ce ikon Allah, shekara nawa ina bin wurin ban ga tafki ba. Na hau mashin na je. Ashe kwalbati ne a ƙarƙashi, abin da ake aunawa daga sama ba ya ganinsa, sai ya ɗauki tudun layin a matsayin madatsa. Kwalbatin kansa rabinsa ledojin fiya wata ne da yashi. Ina tsugune ina ɗaukar hoto, waya a hannu, takarda a hammata, sai ga matasa sun kewaye ni, wai mai sa jan fenti ne na zo a yi rusau. Da ƙyar wani dattijo ya raba mu. Da ya fahimci abin da ya kawo ni, sai ya ja ni bayan gidansa ya nuna min zanen da ruwa ya bari a bango, daidai ƙugunsa, ya kuma faɗa min ta wane lungu ya ɓullo. Na koma na yanka hanyar kwalbatin da hannu a QGIS, ruwan ya bi lungun nan sak. Yanzu ko'ina zan je, ƙofar mai unguwa nake fara sallama.

Ɗan Kigo: Allah ya saka da alheri. Namu zanen na nan a bangon kicin, Hajiya ta hana a shafe. Asabar zan bi maƙwabta da tef in auna na kowa. Yaya mai mashin, yadda ka yanka kwalbatin nan, a turo min mataki-mataki don Allah, datata ta kusa ƙarewa.