Birkin da ke mayar da wuta batir a Hyundai Kona: wane mataki ya dace da hanyar Jos zuwa Abuja?

Ɗan_Tudu:
Assalamu alaikum. Tambayata kan Kona mai lantarki ce, mai batir 64 kWh, irin wadda kamfanin Stallion ya fara haɗawa a Legas. 'Yan kunnuwan nan biyu na bayan sitiyari suna canza matakin birkin lantarki, wato birkin da ke mayar da wuta batir, daga 0 zuwa 3. Wasu sun ce a bar ta a 3 kullum don batir ya riƙa samun caji. Gaskiya ne? Sannan idan za a sauko daga Jos ta Hawan Kibo, a cika batir ɗari bisa ɗari? A yanayin tuƙi kuma, Eco ko Sport?

Injiniya_Lantarki:
Wa alaikumus salam, Malam. Maganar barin ta a 3 kullum ba ta da tushe.

Idan ka ɗaga ƙafa daga totur, tayoyin gaba ne ke juya injin lantarkin, sai ya koma janareta yana tura wuta batir. Turjiyar da yake yi ita ce birkin da kake ji. Kunnen hagu yana ƙara ƙarfinta, na dama yana ragewa, idan kuma ka riƙe na hagu motar za ta tsaya cak. Amma ba duk abin da aka kashe ke dawowa ba, kusan kashi biyu cikin uku ne, saura ya tafi a zafi.

Ga lissafi. Mota da mutane, a ce kilo 1,900, tana gudun kilomita 100 a awa: ƙarfin da ke cikin gudun nan kusan 0.2 kWh ne kacal. Ka tsayar da ita da birkin lantarki zalla, abin da ka samu da ƙyar zai kai ka kilomita ɗaya. Saboda haka a buɗaɗɗen titi 0 ko 1 ya fi, ka bar ta ta yi ta mirginawa. A mataki na 3, ƙafarka na ɗan motsawa motar ta rage gudu, sai ka sake kashe wuta ka mayar da shi. Asara biyu ke nan. Wurin 2 da 3 shi ne cunkoson gari da gangara.

Kuma taka birkin ƙafa ba asara ba ce. A Kona, idan ka taka a hankali injin ne ke fara riƙewa, takalmin birki ba ya shiga sosai sai an danna da ƙarfi ko an kusa tsayawa.

Direban_Filato:
Alhaji, kada ka cika batir kafin ka sauko. Batirin da ya cika ba shi da wurin zuba wuta, sai kwamfutar motar ta rage birkin lantarki ko ta yanke shi, ko da allo na nuna 3. Nauyin motar gaba ɗaya ya koma kan takalmi da faifai, a doguwar gangara kuwa su yi zafi, birki ya yi laushi. Shiga saitin caji ka tsayar da shi a 80 ko 90, ya ishe ka Abuja.

Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, Abuja ba ta wuce 500 sosai ba. Saukar mita 700 da wancan nauyin ta kai 3.6 kWh a lissafi, kodayake iska da gogar taya suna cin rabonsu. Abin da za ka gani shi ne kason batir ya daina sauka, wani wurin ma ya ɗan hau.

Ka sa 2 tun kafin gangarar ta fara, ka ƙara zuwa 3 kafin kwana, ba a cikinta ba. Al'adar nan ta sa mota a firi don tsimin mai, a manta da ita: a N babu birkin lantarki ko kaɗan.

Bakanike:
Oga, in ƙara abu biyu. Birkin lantarkin nan tayoyin gaba kawai yake riƙewa. Da ruwan sama, ko inda yashi ya hau kwalta, ka sauko zuwa 1. Idan taya ta zame ko ta faɗa rami, motar tana sakin birkin na ɗan lokaci don ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ya yi aiki, sai ka ji kamar an tunkuɗa ka gaba. Ba lalacewa ba ce, amma ƙafarka ta zauna kusa da birki.

Na biyu, takalmin birki a waɗannan motocin ba cinyewa yake yi ba, zama ke kashe shi. Faifai ya yi tsatsa da damina, ƙurar hunturu ta daskare a fil ɗin kalifa (ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin faifai), gefe ɗaya ya maƙale. Sau ɗaya a mako, a titin da babu kowa a bayanka, ka taka da ƙarfi daga gudun 60 sau biyu ko uku. A buɗe fil ɗin a shafa giris duk shekara. Man birki kuma yana shan raɓa ko ana amfani da shi ko ba a yi, kada ya wuce shekara biyu ba a duba shi ba.

Injiniya_Lantarki:
Na tsallake batun Eco da Sport. Batir ɗaya ne, inji ɗaya ne, abin da ke canzawa shi ne yadda totur ke amsa ƙafa da yawan wutar da aka bar wa na'urar sanyi. Mai ƙafa mai nauyi zai ga bambanci a Eco, mai tuƙi a natse kaɗan zai gani. Sport yana sakin ƙarfin juyi na 395 Nm da wuri, tayoyin gaba ne ke biyan kuɗin.

Idan ka danna maɓallin canza yanayin tuƙi ka riƙe, za ta shiga Eco+: gudu ba ya wuce 90, sanyi ya mutu. Na ranar da caji ya kusa ƙarewa ne. Kada ka shiga wuce tirela a cikinsa.

Ɗan_Tudu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To caji 90 zan sa, Eco a hanya, 2 kafin Hawan Kibo. Oga Bakanike, giris ɗin fil ɗin na musamman ne ko na baƙin nan ma ya yi?

Bakanike:
Na silikon za ka nema, Alhaji. Baƙin giris yana kumbura robar da ke rufe fil ɗin, bayan 'yan watanni ya maƙale fiye da da.