Aiki a ƙaramin kamfanin talla: in karɓa ko in yi zamana inda nake?

MaiZane_92:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar nan daga ciki. Shekara uku ke nan ina aikin zane a sashen talla na wani babban kamfani, aikin ba wahala gaskiya, takwas zuwa biyar, albashi ba ya latti, amma abu ɗaya nake ta maimaitawa, kala ɗaya, tambari ɗaya, in canza kwanan wata a fosta in tura, har ta kai in na buɗe Photoshop da safe hamma ce ke fara zuwa min.

To yanzu wani ƙaramin kamfanin talla sun neme ni, su tara ne gaba ɗaya har da mai kamfanin. Na je intabiyu na ga ofishin, ɗaki biyu ne sai wani ɗan lungu da suka liƙa wa soso a bango suna ɗaukar murya a ciki, kuma wlh ayyukan da suka nuna min sun burge ni, irin waɗanda in na gani nake cewa ina ma ni na yi. Kuɗin kusan ɗaya ne da na yanzu, ɗan ƙari kaɗan. Abin da ya tsaya min a rai shi ne sai ƙarfe bakwai na yamma muka gama hira, na fito na ga babu wanda ya ko ɗau jaka, kowa na kan kwamfutarsa kamar yanzu gari ya waye.

Yaya rayuwa take a irin wannan wurin? Ana koyon aiki da gaske ko bauta ce kawai aka sa mata suna mai daɗi? Kuma me ya kamata in tambaye su kafin in sa hannu?

Alƙalami_Tsoho:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni rubutun talla nake yi, na yi a babba na yi a ƙarami, yanzu ma a ƙarami nake, mu goma sha ɗaya.

Abin da za ka samu a can wanda ba ka da shi yanzu shi ne kusanci da aikin. A babban wuri tunaninka sai ya bi hannun mutum biyar kafin ya isa ga kwastoma, kowa ya ɗan gutsura, in ya fito kai kanka ba za ka gane shi ba. A ƙaramin wuri kai za ka zana, kai za ka zauna gaban mai kayan ka yi masa bayani da bakinka, in ya yamutsa fuska a idonka zai yamutsa. Wata shida a haka ya fi shekara ukun da ka yi.

Kuma za ka samu abokin zama, wannan shi ne gishirin aikin. A da can marubuci yana ɗakinsa ya rubuta kalmomi, a kai wa masu zane a wani sashe su ƙawata, ba su ma cika haɗuwa ba. Bill Bernbach, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka kafa kamfanin talla na DDB a New York a 1949, shi ya shahara da zaunar da marubuci da mai zane tebur ɗaya su yi ta jayayya har abu ya fito. A kamfanin nasu aka yi tallar Volkswagen ɗin nan ta 1959, shafi guda kusan duk fari fat, sai 'yar motar can sama a gefe kamar ƙwaro, a lokacin da kowa a Amurka ke cika shafi da dogayen motoci masu ƙyalli. Ka duba da kyau, ba za ka iya cewa ga inda aikin marubuci ya tsaya na mai zane ya fara ba. Ni abokin zamana shekara huɗu muna tare, rabin kanun da ake yaba min shi ya furta su yana wasa da biro, ni kuma na sha ce masa cire hoton nan gaba ɗaya ka bar fili.

Amma kar in yi maka daɗin baki. Ƙirƙirar da kake hange ba ta fi kashi ɗaya cikin biyar na satinka ba, a nawa lissafin, sauran duk gyara ne. A ƙara girman tambari. An ƙara. A ƙara kuma. Shuɗin nan ya yi duhu. Oga ya nuna wa wani a gida an ce rubutun bai fito ba. A mayar da shi yadda yake ranar Litinin. Buɗe fayil ɗin kowane mai zane a ofishinmu ka sha kallo: “na ƙarshe”, “na ƙarshe 2”, “na ƙarshe da gaske”, akwai wanda na gani da idona an rubuta “na ƙarshe wallahi tallahi”, kuma bayansa akwai guda uku. Sannan talla ɗaya ce za ka yanka ta gida goma, mai tsaye na stori a waya, mai murabba'i, na allon titi, na jarida, kowanne sai ka sake jera komai.

Ba na raina ƙananan wurare ko kaɗan. Kamfanin talla na Wieden+Kennedy da ake ji da su yau, a 1982 Dan Wieden da David Kennedy suka buɗe shi a Portland da 'yan mutane ƙalilan, Nike ne kwastomansu na farko, a 1988 suka fito wa Nike da taken nan Just Do It. Sai dai fa ba kowane ɗaki biyu ne ke zama haka ba, yawanci ɗaki biyun ne har a tashi.

Anti_MaiKwastoma:

Malam Alƙalami ya faɗi na ɓangaren zane, ni bari in faɗa maka na kuɗi ƙanena, don ni ce ke tsakanin kwastoma da masu zane, ta nan a zage ni ta can a harare ni.

Ka fara sanin ta ina kamfanin ke samun abin da zai biya ka. Tsohon tsari shi ne kamasho, kamfanin talla ya saya wa kwastoma fili a jarida ko rediyo ko talabijin, a ba shi kashi 15 cikin 100 na kuɗin, a haka manyan kamfanonin da suka tashi suka tashi. Yanzu wannan ya ja baya sosai, balle da mai kaya zai iya sa katinsa ya biya Facebook ko Google da kansa ba sai ya bi ta kan kowa ba. Abin da ya rage wa ƙananan wurare iri biyu ne, ko kwastoma mai biya wata-wata a kan yarjejeniya, ko aikin kwangila ɗai-ɗai, a yi a biya a rabu. Na wata-watan nan shi ne albashinka, na kwangila kuwa yau akwai gobe babu.

Don haka ka tambayi mai kamfanin kai tsaye, ba rashin kunya ba ne: kwastoma nawa ne ke biya duk wata, kuma mafi girmansu kashi nawa ne na kuɗin shiga? In ya ce maka ɗaya ne ke riƙe da fiye da rabi to ka san duk ku taran a tafin hannun mutum ɗaya kuke, ranar da aka canza manajan talla a wancan kamfanin ya zo da nasa mutanen shi ke nan. Ya faru da mu, imel ɗaya mai layi huɗu, har da godiya a ƙarshe, cikin wata biyu muka sallami mutum uku kuma ba don ba su iya aiki ba, ɗayar ma ta fi kowa. Ni na buga takardun, har yau ba na son tunawa.

Sai ka tambaya ko suna karɓar kafin alƙalami kafin a fara aiki, da kuma gyara sau nawa ke cikin yarjejeniya. Wurin da aka rubuta gyara biyu ko uku, abin da ya wuce haka a ƙara kuɗi, za ka ga mutanensu suna tafiya gida da rana a sama. Wurin da oga ke tsoron ce wa kwastoma a'a, kai ne za ka biya da barcinka. Manyan kamfanoni kuma suna iya riƙe kuɗi kwana 60 ko 90 bayan an kai musu takardar biya, alhali haya da albashi da kuɗin manhajojin zane na Adobe ba sa jira, to in ba su da ɗan abin da suka ajiye za ka fara jin “a ɗan ƙara haƙuri zuwa sati mai zuwa”.

Ƙarfe bakwan da ka gani kuwa ka tambaya ko wani aiki ne ya taso ranar ko kullum haka ne. Amma kar ka tambayi oga, ka samu mafi ƙanƙanta a ofishin ka tare shi a waje.

na_tuba:

Kai ɗan'uwa yi zamanka. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ni na yi shekara biyu a irin wurin, ranar farko aka ce min “mu nan dangi ne”, ashe ma'anarta babu kuɗin obataya. An ɗauke ni mai zane, kafin wata uku ni ne mai ɗaukar hoto, ni ne mai haɗa bidiyo, ni ke amsa kwamen a shafin kwastoma ran Lahadi, ni ke gyara firinta. Abin da ya fi ƙona min rai neman kwangila ne, kwastoma ya kira ku kamfanonin talla huɗu ko biyar kowa ya kawo tunaninsa kyauta a zaɓi ɗaya, mun kwana uku a ofis ina barci a kan kwali, muka je muka gabatar aka tafa mana, sati biyu shiru, aka ce an ba wasu, bayan wata huɗu sai ga wani abu mai kama da namu sak a allon titi. Wa za ka kai ƙara? Oga kuma duk watan Yuni sai ya ishe mu da labarin Cannes Lions, gasar tallace-tallace da ake yi a Faransa, wai wata rana za mu je, kuɗin shigar da aiki ɗaya ma ba mu da shi.

Alƙalami_Tsoho:

@na_tuba ban ƙaryata ka ba ko ɗaya, har kwanan kwalin na yi. Amma faɗa min gaskiya, hoton da bidiyon da aka tilasta maka koya, ba da su kake aiki yanzu ba?

na_tuba:

Da su ne Malam, amma ai da bulala na koya 😂

Hajjo_Dizain:

Ni abu ɗaya zan ƙara Yaya, a ƙaramin wuri babu mai duba bayanka, wannan shi ne daɗin kuma shi ne tashin hankalin. Inda kake yanzu na tabbata akwai wanda ke karanta komai kafin ya fita. A can kai ne na ƙarshe.

Watana na biyu aka ba ni fulaya, guda dubu biyar za a buga, kwastoma na ta kira wai da asuba za a raba a taronsu, na gama wajen sha ɗayan dare idona har yaji yake na tura wa masu bugu. Kuskure biyu na yi a fayil ɗaya. Na bar shi a RGB, tsarin kalar sikirin, ban mayar CMYK na bugu a takarda ba, koren nan mai haske da kwastoma ya mutu a kai a sikirin ya fito a takarda kamar an wanke shi sau goma, wannan ma da sauƙi. Lambar wayar ce, na juya lamba biyu, 68 ta koma 86. Ɗan hakin da ka raina. Da safe wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba ya fara amsa kiran masu neman ragi. Ogarmu ba ta yi min ihu ba, ta dai ja kujera ta zauna kusa da ni ta ce ɗauki waya ki kira kwastoman da kanki ki gaya masa, ina nan. Hannuna na rawa na kira. Kamfani ya biya kuɗin sake bugu, ribar aikin duk ta tafi, kuma kowa a ofis ya san dalilin da ya sa ba a sayi sabuwar kwamfutar da aka yi alkawari ba a watan.

Tun ranar ba na tura komai sai na buga shi a takarda, na kira lambar da ke jiki da wayata na ji ta shiga inda ya kamata, na duba an bar milimita 3 ɗin yanka a kowane gefe, hotuna kuma 300 dpi, wato ingancin da bugu ke buƙata don kar su dushe. Shekara biyar ke nan ina wurin. Da wata irin oga ce da ta zare daga albashina ta kuma tozarta ni a gaban mutane da tuni na bar sana'ar ma gaba ɗaya, shi ya sa nake ganin a wurin mutum tara ba kamfani za ka zaɓa ba, halin mutum ɗaya za ka zaɓa, babu sashen ma'aikata da za ka kai kuka, wanda ya ɓata maka rai shi ne dai mai sa hannu a albashin. Ka binciki mutum nawa suka bar wurin cikin shekara biyun nan, in za ka iya ka nemo ɗaya ka ji ta bakinsa.

Kuma ka tambaya ko za su bar ka ka sa ayyukan da ka yi a shafinka bayan sun fita, wasu yarjejeniyar kwastoma na hanawa, gara ka sani tun yanzu don su ne jarinka in za ka tashi.

MaiZane_92:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti na bi shawararki, jiya na koma da yamma na tare yaron da ke haɗa musu bidiyo a bakin ƙofa, ya ce ranar da na je gabatarwa ce da su washegari shi ya sa, amma ya ce a wata ana yin irin haka sau biyu ko uku, wai in an kwana ana ba da rabin yini a huta. Mai kamfanin kuma na tambaye shi maganar kwastomomi ya ɗan yi shiru tukuna ya yi dariya ya ce wa ya koya maka wannan tambayar, sannan ya ce uku ne masu biya wata-wata, babban cikinsu bai kai rabi ba amma ya kusa. Maganar gyara kuwa bai ba ni amsa sosai ba, ya ce “ya danganta da kwastoma”. Mutum biyu suka tafi bara, na samu lambar ɗaya, zan kira shi gobe in sha Allahu. Sun ba ni zuwa Alhamis.

Anti_MaiKwastoma:

“Ya danganta da kwastoma” ɗin nan fa ka sake tayar masa da ita ƙanena, ka ce ya nuna maka yarjejeniya ɗaya ko da an rufe suna da kuɗin, layin gyaran kawai za ka karanta.