Ina ya dace a ɗaura kyamara a a-kori-kura mai jan tirela?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux da nake jan ƙaramar tirela da ita, kuma ina so in riƙa ganin ƙugiyar da ake maƙala tirelar da kuma kayan bodi daga mazaunina. Ina zan ɗaura kyamarar, kuma daga ina zan jawo mata wuta?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ɗaura ta a saman gidan direba ta baya, domin daga can za ta hango bodi da gaban tirela. Sai dai murfin baya zai tare maka ƙugiyar, don haka ita tana buƙatar kyamara ta biyu kusa da lamba.

Amsa ta biyu: Kada ka jona ta da fitilar ribas, domin za ta mutu da zarar ka fita daga ribas, alhali a kan hanya kake son lura da kaya. Mai wayarin ya ɗauko wuta mai ƙarfin volt 12 daga fis ɗin da makulli ke kunnawa, don kada ta shanye batir cikin dare.

Amsa ta uku: Ka nemi mai alamar IP67, wadda ƙura ba ta shigarta. Ni ramin waya na manta ban toshe ba, ruwan damina ya jiƙa mini kujerar baya.