Hilux ɗita tana misin a hawan tudu: fulogi ne, koyil ko nozul?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen masana inji. Toyota Hilux ce ta 2012 mai shan fetur, inji 2TR lita 2.7, giyar hannu, ta ci kilomita dubu 190 da 'yan kai. Kwana biyar ke nan tana misin. A sulo tana ɗan rawa har sandar giya na kaɗawa, amma abin ya fi tsanani in na ɗora buhuna na taka totur a giya ta huɗu, ko a hawan tudu. Sai ta riƙa fizga, wutar cek ta yi ta ƙyaftawa, in na sassauta ƙafa ta daina ƙyaftawar amma ba ta mutuwa. Salansa na warin ɗanyen fetur, shan mai ya ƙaru. Ba ta zafi, ruwan lagireto bai ragu ba. Wani ya ce in sauya koyil huɗun duka masu tura wuta zuwa fulogi, wani ya ce a wanke nozul mai feso fetur cikin inji, wani ma cewa ya yi a sauke tof, wato kan injin. Ta ina zan fara, kada in zubar da kuɗi a banza?

Bakanike daga Kano:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Da farko dai ka daina ɗora mata kaya har a gyara. Ƙyaftawar wutar cek na nufin fetur na fita daga silinda bai ƙone ba, yana zuwa ya ci wuta a cikin indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta. In ka ci gaba, indomin zai narke ya toshe, kuɗinsa kuwa ya ninka na koyil sau da yawa. Kuma ɗanyen fetur ɗin yana wanke man jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai.

Kada ka sayi komai tukuna. A sa mata sikana, na'urar da ke karanto lambobin matsala, a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. P0301 zuwa P0304 na nuna silindar da ke misin, lambar ƙarshe ita ce lambar silindar, kuma ta 1 ita ce ta gaba kusa da lagireto. In P0300 ce kaɗai, matsalar ta haɗa su duka, sai a koma wajen mai da iska.

In silinda ɗaya ta nuna, misali P0303, ga abin yi. Injin 2TR kowane fulogi da koyil ɗinsa a kansa, ƙusa ɗaya mai lamba 10 ke riƙe da shi. A kashe mota, a cire koyil na 3 a kai shi ta 1, na 1 ya dawo ta 3. A goge lambar, a hau titi a taka ta yadda take yin misin ɗin. Ta koma P0301? Koyil ne, magana ta ƙare. Ta tsaya a P0303? Sai a yi wa fulogi irin wannan musaya, na 3 ya tafi ta 2. In nan ma ba ta bi shi ba, saura nozul, waya ko kuma matsin silindar. Aikin minti 30 ne, ba kobo na kaya a ciki.

Yadda ka kwatanta, zuciyata ta fi kwanciya da ɓangaren wuta. Idan inji ya ɗauki nauyi, matsin da ke cikin silinda yana ƙaruwa, tartsatsi kuma na buƙatar ƙarfin wuta fiye da na sulo kafin ya tsallaka bakin fulogi. Koyil mai rauni sai ya iya a sulo, ya gaza a tudu.

Mai gyaran wayarin:
Abin da Oga ya faɗa haka ne. Ƙari ɗaya: masu zare soket ɗin koyil inji na tafiya don su ji wace silinda ce ta mutu, su sani nozul na ci gaba da feso mai a wannan silindar. In dole sai an yi wannan gwajin don babu sikana, soket ɗin nozul za a zare, daƙiƙa kaɗan. Wadda aka zare sautin inji bai sauya ba, ita ce mai laifin.

In an cire koyil, a haska ramin fulogin da tocila kafin a kwance komai. A duba ko akwai baƙin mai ko ruwa a kwance a ciki, musamman in an wanke injin da famfo mai ƙarfi kwanan nan. A duba robar koyil ko ta tsage ko ta kumbura. A kuma duba farin jikin fulogi: in ka ga siririn baƙin layi kamar an ja da fensir daga sama zuwa ƙasa, wuta ce ta sami hanyar gudu ta waje. Wannan layin ba ya gogewa, kuma yana kan robar ma, don haka in an sa sabon fulogi da tsohuwar roba, ba a jimawa yake dawowa.

Mai gyaran nozul da famfon mai:
Ni ba zan ce a fara da wanke nozul ba, Alhaji, sai musayar can ta nuna koyil da fulogi ba su da laifi. In an zo kansa, a ɗora tsinin doguwar sukundireba a jikinsa, a kara kunne a mariƙin, mai lafiya yana yin ƙas-ƙas-ƙas a jere. A auna shi da mita inji na sanyi, ya kamata ya ba da om 12 ko kusa da haka. Zai iya ba da 12 ɗin amma bakinsa a toshe, shi ya sa shi ma akan yi masa musaya, da sababbin robobi kada mai ya yi yoyo.

Famfon mai kuwa ba ya zaɓar silinda ɗaya. In ya yi rauni, ko fetur ɗin da aka sha a wajen 'yan bumburutu ya zo da ruwa ko kananzir, za ka ga P0300, sau da yawa tare da P0171, lambar da ke nuna iska ta yi wa mai yawa. Haka in iska na shiga ta tsagaggen tiyo bayan sansar da ke auna iskar da ke shiga inji, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe sansar. Ita sansar da maganin feshinta na musamman ake wanke ta, ba a taɓa siririyar wayar da hannu ko tsumma.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. An sa sikana, P0303 ce. Da aka cire koyil na 3, ramin na da baƙin mai har ya rufe kan fulogin, robar ta yi laushi ta kumbura. Sauran ukun a bushe suke. Mun goge mun kai shi silinda ta 1, lamba ta koma P0301. Fulogin na 3 baƙi ƙirin, bakinsa ya buɗe sosai. Yanzu koyil ɗaya zan saya ko huɗu? Kuma man nan daga ina?

Bakanike daga Kano:
Madalla. Man daga gasket ɗin murfin bawul yake, zoben robar da ke kewaye da ramin fulogi ya bushe saboda zafi da shekaru. Shi ne ya kashe koyil ɗin, in ba a sauya shi ba zai kashe sabon. A sa sabon gasket cikakke da zobban ramukan huɗu. Kafin a kwance fulogi, a tsane man da tsumma a kan sukundireba, a hura iska, kada datti ya faɗa cikin silinda. A ɗaure ƙusoshin murfin a hankali daga tsakiya zuwa gefe, ɗaurin ƙarfi matse gasket yake yi ya sake yoyo. A duba bawul ɗin numfashin inji, wato PCV, da tiyonsa, domin in ya toshe matsi na taruwa a ciki ya tura mai ta kowace kafa.

Fulogi kam huɗun duka za ka sauya. Tazarar bakinsa milimita 1.0 zuwa 1.1 ce. In ta buɗe fiye da haka, koyil na wahala wajen tura wuta, shi ma yana rage masa kwana. Denso ko NGK, da lambar da ke littafin motar. In iridiyam ne kada a buga bakinsa don gyara tazara, tsinin na karyewa. A sa shi inji na sanyi, a fara murzawa da hannu sai ya zauna, sannan a ɗora sifana mai lamba 16. Tof ɗin alminiyam ne, in zaren ramin ya lalace ka shiga wani aikin daban.

Koyil kuwa, ɗaya ya isa. Ukun can ba su sha mai ba, ba kuma su nuna laifi ba.

Mai sayar da kayan gyara:
A nan na ɗan saɓa da Oga. Motar da ke shiga ƙauye da kaya, ta kuma yi kilomita dubu 190 da koyil na asali, gara a sayi biyu, ɗaya a sa, ɗaya a ajiye a mota da sifana lamba 10. Amma huɗu na jabu ba su kai ɗaya na gaske ba. Ko a Ƙofar Ruwa ko a Panteka, kwali ba ya nuna gaskiyar kaya. Ka tafi da tsohon a hannu, ka gwada lambar da ke jikinsa, nauyinsa da tsawon robar. Rubutun na gaske a fili yake, ba ya gogewa da yatsa. In na Baljiyam za ka ɗauka, ka yi sharaɗin gwadawa a motar da dawo da shi in bai yi ba. Fulogin iridiyam ma jabunsa ya cika kasuwa, in ka ji farashi ya yi araha fiye da kima, ajiye shi.

Wani dattijon bakanike:
Yarana sun gama magana. Abu ɗaya zan ƙara tunda fulogai za su fita: a auna matsin silinda huɗun a lokacin. Inji da ɗumi, a zare soket ɗin nozul duka, a taka totur har ƙasa, a yi ta kunnawa har allurar ta tsaya. Mai lafiya yana kai wa wajen 175 zuwa 180 a ma'aunin psi, kada ya gaza 128, kuma kada huɗun su yi nisa da juna. In ta 3 ta yi ƙasa, a zuba cokali ɗaya na baƙin mai a ramin a sake aunawa. Ya tashi, rin ɗin fistin ne ya ci. Bai tashi ba, bawul ne ko gasket ɗin tof. Alamar gasket ɗin tof kuwa ita ce misin da sanyin safiya, ruwa na raguwa, fulogi ɗaya ya fito fari tas kamar an wanke shi. Taka ba ta nuna ko ɗaya ba, don haka kada ka bari a sauke maka tof sai ma'auni ya ce a sauke.

Bayan gyara ka zubar da baƙin man da ke ciki da filtarsa, ko lokacinsa bai yi ba, kwana biyar yana shan ɗanyen fetur. A goge lambar, ka ɗora kayanka ka hau tudun da take yi maka fizgar. In har yanzu ba ta ja da kyau alhali wutar cek ba ta dawo ba, a duba indomin ko ya fara toshewa.

Mai tambaya:
An sauya gasket, koyil ɗaya, fulogi huɗu da baƙin mai. Matsin ya ba da 170, 172, 168, 171. Na hau tudun da buhu 15 a giya ta huɗu, ba fizga, wutar ba ta kama ba. Allah Ya ƙara basira, na gode.