Tambaya kan garuruwa da ƙauyukan tsibirin Kirit: ina da ina kwana goma za su kai mutum?

Baban Hafsat, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. 'Yata ta shekara guda tana karatun digiri na biyu a fannin noma a garin Haniya da ke tsibirin Kirit na ƙasar Girka, kuma ta nace sai ni da mahaifiyarta mun je mun ga inda take zaune kafin ta kammala. Cikin ikon Allah biza ta fito, muna shirin tashi a farkon watan Oktoba, mu yi kwana goma. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hotunan da take turo mana ba sa kama da juna: yau bakin teku da jerin gidaje masu launi, gobe tsauni fari fat kamar an barbaɗa masa gari, jibi kuma wani dattijo a lungun ƙauye yana kora tumaki. Ni da na ɗauka tsibiri ɗan wuri ne da mutum zai kewaye tsakanin Azahar da La'asar. Shekaruna 63, gwiwata kuma ta fara yi mini gardama. Ina roƙon duk wanda ya taɓa taka wurin ya bayyana mini yadda ƙasar take, da garuruwa da ƙauyukan da suka cancanci a ɓata musu lokaci.

Maman Sadik, Barnawa:

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Na je sau biyu, na farko taron aiki ne ya kai ni, na biyu kuwa ni na kai kaina saboda na farkon bai ishe ni ba. Da farko a cire maganar kewayewa tsakanin Azahar da La'asar. Kirit shi ne tsibiri mafi girma a Girka, tsawonsa daga yamma zuwa gabas kusan kilomita 260, wato ya ɗara tafiyar Kaduna zuwa Kano, amma siriri ne, domin inda ya fi faɗi bai wuce kilomita 60 ba, kusa da garin Iyerafetra kuwa ya tsuke zuwa kilomita 12 kacal.

Dalilin da ya sa hotunan Hafsat suka saɓa wa juna shi ne tsaunukan da suka ratsa tsakiyar tsibirin kamar ƙashin baya. A yamma, a bayan Haniya, akwai waɗanda ake kira Fararen Tsaunuka, a tsakiya akwai Fisiloritis mai tsayin mita 2,456, a gabas kuma Dikti. Don a gane girman abin, Fisiloritis ya ɗan fi Chappal Waddi na jihar Taraba tsayi, wanda shi ne ƙololuwar Nijeriya baki ɗaya, ga shi kuma teku na nan kusa da gindinsa. Manyan garuruwa, wato Haniya da Retimno da Irakiliyo da Ayos Nikolawos, duk a gaɓar arewa suke jere a kan babbar hanya guda, can ne filayen jirgin sama da otal-otal da cunkoson 'yan yawon buɗe ido suke. Da zarar mota ta juya kudu ta fara hawa, sai ka ga kamar an sauya ƙasa.

A ganina, wanda ya tsaya a gaɓar arewa kaɗai bai ga Kirit ba. Ku ɗauki motar safa daga Haniya zuwa Hora Isfakiyon da ke gaɓar kudu. Tazarar kusan kilomita 70 ce, amma tana cin wajen awa biyu saboda hanyar lanƙwasa ce bayan lanƙwasa. A tsakiyar tafiyar za ku faɗa wani fili mai suna Askifu, shimfiɗaɗɗe kamar faranti, tsaunuka sun yi masa zobe, an yanka shi gonaki ƙanana, gidajen ƙauyen kuma sun koma gefe sun manne da dutse don kada su cinye ƙasar noma. Daga nan hanya ta gangara, sai ga wani tekun a gabanka, wanda su da kansu suke kira Tekun Libiya, domin babu wata babbar ƙasa tsakaninka da Afirka. Daga Hora Isfakiyon ƙaramin jirgin ruwa zai kai ku Lutro, ƙauyen da babu hanyar mota da ta shiga cikinsa, sai ta ruwa ko da ƙafa. Fararen gidaje ne 'yan kaɗan a bakin wani ɗan lungun teku. Na kwana ɗaya a can, kuma abin da na fi tunawa shi ne da asuba ban ji komai ba sai ƙararrawar wuyan awaki a kan dutse da motsin ruwa a jikin kwalekwale. Ga wadda ta saba da hon ɗin Keke Napep a shataletalen Barnawa, shirun ma sai da ya hana ni komawa barci.

Mutane za su yi ta zuga ku zuwa kwazazzabon Samariya. Wuri ne mai ban mamaki, tsawonsa kilomita 16, kuma akwai inda bangayen dutsen biyu suka matso juna har tazararsu ba ta wuce mita huɗu ba. Sai dai tafiya ce ta awa biyar zuwa bakwai, farkonta gangara ce mai tsanani a kan duwatsu, kuma gangara ita ce maƙiyiyar gwiwa. Alhaji, ku tsaya a bakinsa daga sama, a tudun Omalos, ku ba ido haƙƙinsa, ku bar wa Hafsat da ƙawayenta saukar.

Malamin Tarihi, Tudun Wada:

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, amma ban yarda da ita ba a kan cewa garuruwan arewa cunkoson baƙi ne kawai. Ranka ya daɗe, Haniyar da za ka sauka ita kanta littafi ce, kuma akwai shafukanta da suka shafe mu. A bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa za ka ga gini mai babbar ƙubba guda da ƙananan ƙubbobi a gefe. Masallacin Kucuk Hasan Fasha ke nan, wanda aka gina bayan Turkawa sun ci garin a 1645. Ina nufin Daular Usmaniyya ta Istanbul, kada wani ya ɗauka tamu ta Sakkwato ce. Yanzu ba a salla a cikinsa, zauren baje kolin zane-zane ne. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke fuskantarsa kuma, Misirawa ne suka sake gina ta lokacin da tsibirin yake hannunsu tsakanin 1830 da 1840, shi ya sa duk wanda ya kalle ta zai ga siffar hasumiyar masallaci.

Tarihin ya ma girmi Turkawa. Wajen shekara ta 824 wasu Musulmi da aka kora daga Andalus suka kama tsibirin, suka kafa birni suka haƙa masa gwalalo, suka kira shi da sunan Handak, kalmar nan da muka sani a yaƙin gwalalo na zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sunan ya lanƙwashe a bakin Turawa ya koma Kandiya, birnin kuwa shi ne Irakiliyo na yau. Rumawa sun ƙwace shi a 961, daga baya mutanen Benis, wani birni a Italiya, suka mulki tsibirin fiye da shekara 400, su ne suka yi wa Irakiliyo ganuwar da har yanzu take tsaye, wadda Turkawa suka yi shekara 21 suna kewaye da ita kafin ta faɗi a 1669. Kirit ya haɗe da Girka a 1913, sannan musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923 ta kwashe sauran Musulmin tsibirin, mutanen da harshensu na gida Girkanci ne.

Inda wannan cakuɗuwar ta fi fitowa fili shi ne Retimno, kimanin kilomita 60 gabas da Haniya. A lungu guda za ka ga ƙofar dutse irin ta Benis, a samanta kuma baranda ta katako irin ta Turkawa, wadda aka rufe don matan gida su leƙa titi ba tare da an gan su ba. Masallacin Neraje da doguwar hasumiyarsa, wanda asalinsa coci ne, yanzu ya zama makarantar kiɗa. Tsohon garin a shimfiɗe yake, ba zai wahalar da gwiwa ba. Kangon fadar Kinosos da ke gefen Irakiliyo, fada mai dubban shekaru wadda wani Baturen Ingila, Arthur Evans, ya fara tonowa a 1900, shi ma ya cancanci rabin yini, amma a je da sassafe.

Manomin Rani, Kawo:

Ni ban je ba, ƙanena ne ya yi kwas na wata uku a can, amma tun da karatun noma yarinyar take yi, akwai abin da bai kamata ya wuce Alhaji ba. Yanayinsu kishiyar namu ne. Lokacin da muke cikin damina su rani suke yi, sama ba ta zubar da komai, sai mun shiga hunturu sannan ruwansu yake sauka, dusar ƙanƙara kuma ta rufe tsaunuka, ita ce take narkewa ta ciyar da maɓuɓɓugai. Saboda haka a Oktoba za ku tarar da ƙasa busasshiya, ciyawa ta yi ja, ba koren da muka baro a Kaduna ba. Zaitun ne ya mamaye gangaren tuddai domin yana jure fari, kuma sai daga Nuwamba ake fara girbinsa. A kwarin Mesara da kewayen Iyerafetra kuwa rumfunan leda ne iya ganinka, ana noman tumatir da kokwamba a cikin sanyi ana kai wa kasuwannin Turai. Mu da muke kallon tumatir ɗin Kudan da Hunƙuyi yana ruɓewa a kwando lokacin da ya yi yawa, ya kamata mu tsaya mu duba yadda suke tsara nasu. Akwai kuma tudun Lasiti a gabas, mai tsayin kusan mita 850, inda a da dubban famfuna masu farar tutar yadi suke jawo ruwan rijiya da ƙarfin iska don ban ruwan dankali. Inji ya kashe yawancinsu, saura kaɗan ne suke juyawa.

Baban Hafsat, Unguwar Rimi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fahimci ke nan gabashin tsibirin ya yi mana nisa, gara mu tsaya a yamma mu gan shi da kyau. Saura tambaya guda daga uwargida: idan muka shiga ƙauyukan kan tsauni, yaya mutanen suke da baƙo, kuma me za mu ci hankali kwance?

Maman Sadik, Barnawa:

Malam ya yi gaskiya a kan Retimno, na janye rabin maganata. Alhaji, a gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, domin mutanen ƙauyukan nan suna da karamci irin wanda muka sani a karkararmu. A Anoya, ƙauyen makiyaya da ke gangaren Fisiloritis, wanda sojojin Jamus suka ƙone ƙurmus a watan Agustan 1944 mazaunansa kuma suka sake gina shi, za ku ga dattawa sanye da baƙaƙen riguna da dogayen takalma zaune a dandali, kamar majalisar ƙofar gidan mai unguwa. Sama da ƙauyen akwai bukkokin dutse masu zagaye, waɗanda aka jera ba siminti ba laka, inda makiyaya suke kwana suna yin cuku idan sun hau da tumaki a lokacin zafi. Wanda ya san mashekari da ruga ba zai buƙaci tafinta ba. A Margarites kuma, kusa da Retimno, maginan tukwane ne, Hajiya za ta so ta ga yadda suke ɗaga randa.

Batun abinci, kifi da wake da ganye da cuku da man zaitun sun wadata. Ku nemi dakos, busasshen burodin sha'ir ne da ake jiƙawa a ɗora masa markaɗaɗɗen tumatir da farin cuku. Tsiren da ake sayarwa a bakin titi yawancinsa naman alade ne, sai an tambaya kafin a miƙa hannu. Abu na ƙarshe shi ne wanda ya kusa kama ni a wani ƙaramin gidan abinci. Bayan mun gama ci, mai gidan ya ajiye mana 'yar kwalba da ƙananan kofuna tare da yankakken kankana, ya ce kyauta ce. Abin ciki garau yake kamar ruwan famfo, har na kai kofi baki, warin ne ya tsayar da ni. Giyarsu ce ta inabi da suke kira raki, kuma kusan ko'ina haka suke kawo ta ba tare da an nema ba. Na dafa ƙirji na yi godiya na ce ba na sha, sai dattijon ya yi dariya, ya ɗauke kwalbar, ya dawo da shayin ganyen tsauni da zuma, kuma da muka zo biya bai sa shi a lissafi ba.